Ƙanƙara a Saman Hamada: Yadda Jiragen Sama Ke Gano Ta a Sararin Arlit da Azbin

Garin Arlit, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1960 saboda ma'adinin yuraniyom, yana cikin wuraren da suka fi zafi da bushewa a Jamhuriyar Nijar, domin a watannin Mayu da Yuni ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum, ruwan da ke sauka a shekara kuwa bai taka kara ya karya ba. Saboda haka duk wanda ya ɗauko zancen daskarewar ƙanƙara a jikin jirgin sama a irin wannan wuri, ba mamaki a ce ya aro matsalar Rasha ko Kanada ya yafa wa mutanen hamada. Sai dai zafin da ake ji a ƙasa ba ya bin jirgi zuwa sama. Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita ɗaya ta hawa, a busasshiyar iskar Sahara ma raguwar takan kusanci digiri 10, ta yadda jirgin da ya tashi daga filin Arlit da rana tsaka yakan iske matakin da ruwa ke daskarewa a tsayin kilomita 4 da rabi zuwa 5, wato cikin kimanin rubu'in sa'a. Daga nan zuwa sama sararin Agadas, kamar na Turai, yana da sanyin da zai daskarar da ruwa. Abin da ya rage kawai shi ne a sami ruwa a cikin iskar, hadarin damina kuwa shi ne ke kawo shi.

Dogaron garuruwan yuraniyom ga jirgin sama tsoho ne. Kamfanin SOMAÏR, wanda aka kafa a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971, COMINAK kuma, mai mahaƙar ƙarƙashin ƙasa a Akokan, ya fara a 1978 ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. Tsakanin Arlit da Yamai akwai kimanin kilomita 1,200 ta hanyar mota, ta Agadas da Tawa, alhali ta sama ba ta wuce kusan 800 ba, kuma lalacewar kwaltar da ake kira hanyar yuraniyom, tare da matsalar tsaro da ta tsananta bayan sace ma'aikata bakwai a Arlit cikin Satumba 2010, sun sa injiniyoyi da likitoci da marasa lafiyan da ake garzayawa da su babban birni suka fi karkata ga jirgi. Jiragen da ke irin wannan zirga-zirga ta cikin gida a Nijar galibinsu masu farfela ne, irin su Fokker 50 da ATR, waɗanda ke tafiya a tsayin kilomita 5 zuwa 7 da rabi, wato daidai ɓangaren sama da ruwan gajimare ya fi yawan daskarewa a jikin ƙarfe. Can sama da su kuma, a tsayin kilomita 10 zuwa 12, manyan jiragen da ke haɗa Turai da Abuja da Legas da kudancin Afirka suna ratsa sararin Nijar dare da rana, ƙarƙashin kulawar hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959 don lura da zirga-zirgar jiragen sama a yawancin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Abin da ke daskarewa a fiffiken jirgi ba ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan sama tana kwantar da gero ba ne, ruwa ne tsagwaronsa. Ɗigon ruwan da ke cikin gajimare, saboda ƙanƙantarsa da tsabtarsa, yana iya zama ruwa ko da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, har zuwa kusan digiri 40 a ƙarƙashinsa, matuƙar bai sami wani abu da zai fara daskarewa a kansa ba. Da zarar gaban fiffike ya doke shi, nan take sai ya sandare. Idan ɗigon ƙanana ne kuma sanyin ya yi tsanani, ƙanƙarar takan fito fara mai gautsi, tana bin siffar gaban fiffiken. Idan kuwa manya ne kuma sanyin bai yi nisa da sifiri ba, sukan ɗan gangara baya kafin su daskare, su bar ƙanƙara garai-garai mai tauri wadda takan yi ƙaho biyu, ta fi wuyar gani kuma ta fi ɓarna. Mutane da yawa suna zaton nauyin ƙanƙarar ne ke kayar da jirgi, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Fiffike yana ɗaga jirgi ne saboda iska tana bin bayansa sumul, ƙanƙara kuma tana ɓata wannan siffa, har gwaje-gwajen da hukumomin jiragen sama na Amurka suka daɗe suna kafa hujja da su sun nuna cewa kaushin da bai wuce na takardar goge katako ba yana iya rage ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin 100, ya ƙara turjiyar iska da kashi 40. Ƙarshen abin shi ne kuɓucewar iska, wato lokacin da iskar ta rabu da bayan fiffike gaba ɗaya, jirgin ya daina tashi ya fara faɗowa, kuma fiffike mai ƙanƙara yakan kai ga wannan hali a gudun da matuƙi ke ganin yana cikin aminci.

Hanya mafi tsufa ta gano ƙanƙara ita ce ido, har yau kuma ba a yar da ita ba. Matuƙi yakan dubi ƙusar da ke riƙe da mashafin gilashin gabansa, saboda siraran abubuwa masu tsini sukan riga fiffike kama ƙanƙara, da dare kuma yana da fitila ta musamman da ke haska gaban fiffiken. Kamfanin ATR ya dasa wani ɗan ƙarfe kusa da tagar babban matuƙi, wanda ba shi da wani aiki sai ya tara ƙanƙara a inda za a gan ta, kuma ƙa'ida ita ce ba a ɗaukar jirgin ya rabu da ita sai wannan ƙarfe ya wanke tas. Jiragen Airbus suna da makamancinsa a tsakanin gilasan gaba guda biyu. A manyan jirage, inda matuƙi ba ya iya hango yawancin fiffikensa, an ƙara wata doka wadda ba ta jiran a ga komai: idan zafin iskar da ke dukan jirgin ya sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa, kuma akwai laima da ido ke gani, gajimare ne ko ruwa ko hazon raɓa, to a kunna ɗumamar bakin injin.

Na'urar da ta fi yaɗuwa a duniya kuwa wani ɗan sanda ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda kamfanin Rosemount na Amurka ya shahara da ƙerawa, ana dasa shi a gefen hancin jirgi ko ƙarƙashin fiffike. An yi shi da gaurayen ƙarfen nikel wanda maganaɗisu ke sa shi karkarwa, yana kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa ɗaya, abin da ido ba ya gani, hannu kuma da ƙyar ya ji. Kamar yadda tsirkiyar gurmi take sauke murya idan wani abu ya manne mata, haka wannan sanda yake rage saurin kaɗawarsa idan ƙanƙara ta hau shi, kuma da kaurinta ya kai rabin milimita sai kwamfuta ta kunna fitilar gargaɗi a gaban matuƙa. Daga nan wata 'yar wayar lantarki da ke cikinsa takan ɗumama shi na 'yan daƙiƙoƙi, ƙanƙarar ta narke, ya huce, ya sake jira. Yawan maimaita wannan zagaye cikin minti ɗaya shi ke nuna tsananin abin da jirgin ya shiga. A jirage irin su Boeing 777 da 787 saƙon sandan yana iya kunna kariya da kansa ba tare da jiran matuƙi ba. Manyan hanyoyin kariyar uku ne: iska mai zafi da ake zarowa daga injin a bi da ita ta cikin gaban fiffike, ko wayoyin lantarki masu ɗumi, ko kuma, a jirage masu farfela, wata roba da aka lulluɓe gaban fiffike da ita, wadda ake hura wa iska ta kumbura ta farfasa ƙanƙarar.

Injiniyoyin Tarayyar Sobiyet sun bi wata hanya dabam, wadda ma'aikacin mahaƙar Arlit zai fi kowa saurin fahimta. A na'urarsu mai suna RIO-3, wadda aka sa wa tsofaffin jirage irin su An-24 da jirage masu saukar ungulu na dangin Mi-8, an ɗora ɗan ƙaramin sinadarin sitirontiyom-90 a kan wani tsinken ƙarfe, yana harba ƙwayoyin da masana ke kira beta zuwa ga wani ma'aunin Geiger da ke gindinsa. Idan ƙanƙara ta lulluɓe tsinken sai ta tare wani kaso na ƙwayoyin, ƙidayar ta ragu, gargaɗi ya tashi. Ilimin da ke ƙarƙashin wannan dabara shi ne wanda ake aiki da shi a mahaƙa sa'ad da babbar mota ɗauke da dutse ta bi ta ƙarƙashin ma'aunin tururin nukiliya don a san ko kayan da ta ɗauko na masana'anta ne ko na juji, sitirontiyom-90 ɗin kansa kuma yana cikin abubuwan da ke fitowa idan yuraniyom ya tsage a tukunyar nukiliya. Daga baya an koma ga na'urori masu karkarwa, saboda ajiye irin wannan sinadari da zubar da shi bayan jirgi ya tsufa wani nauyi ne na daban.

Jirgi mai saukar ungulu yana da tasa matsalar, domin fikafikansa su ne ke juyawa, kuma ba a iya dasa musu sanda ko a leƙa su da fitila. Bakin kowane reshe na farfelar yana gudun da ya haura kilomita 700 a sa'a, gugar iska tana ɗumama shi, don haka ƙanƙara ta fi taruwa daga tsakiya zuwa gindi. Alamar farko da matuƙi ke samu ita ce ma'aunin ƙarfin murɗawa, wanda ke nuna cewa injin yana ƙara wahala alhali ba a ƙara masa kaya ko gudu ba. Idan wani reshe ya yar da tasa ƙanƙarar kafin sauran, daidaito ya ɓaci, sai jirgin ya kama girgiza mai tsanani, gutsattsarin kuma suna iya dukan ƙaramar farfelar wutsiya. A Sahel dai gaskiyar magana ita ce irin waɗannan jirage, har da Mi-17 da sojojin Nijar ke amfani da su, sun fi tafiya ƙasa da matakin daskarewa, ko da za su tsallake duwatsun Bagzan da ƙololuwarsu ta kai mita 2,022, kuma rairayin da ke cinye bakin farfela ya fi ƙanƙara damun makanikansu nesa ba kusa ba.

Cewa ƙasa mai zafi ba ta tsira daga ƙanƙarar fiffike ba, tarihi ya tabbatar da shi da rayuka. Darasin farko ya zo ne daga wuri mai sanyi, ranar 31 ga Oktoba 1994, lokacin da wani ATR 72 na American Eagle ya faɗi a Roselawn ta jihar Indiyana da mutum 68, bayan manyan ɗigon ruwa sun gangara sun daskare a bayan robar, inda kumburarta ba ya kaiwa, suka yi tudu wanda ya fizge abin karkata jirgin daga hannun matuƙa. Amma ranar 4 ga Nuwamba 2010 irin wannan jirgi na Aero Caribbean ya faɗi a tsakiyar Kuba, shi ma da mutum 68, bayan ya shiga ƙanƙara mai tsanani a tsayin ƙafa 20,000, sannan ranar 9 ga Agusta 2024 wani na Voepass ya faɗo a Vinhedo ta jihar Sao Paulo a Birazil da mutum 62, rahoton farko na masu bincike kuma ya nuna cewa na'urar gano ƙanƙara ta yi ta kunnuwa tana mutuwa, gargaɗin raguwar gudu ma ya tashi. Wannan gargaɗi na biyu ya cancanci a lura da shi, domin wata hanya ce ta daban: kwamfuta tana kwatanta gudun da jirgin ke yi da wanda ya kamata ya yi bisa nauyinsa da ƙarfin injinsa, idan ta ga gibi sai ta sanar, ko da ba ta san inda ƙanƙarar ta maƙale ba.

Duk waɗannan na'urori an ƙera su ne don ruwa mai daskarewa, kuma a nan ne matsalar da ta fi shafar sararin Nijar ta ɓullo, domin hadarin Sahel yana haifar da wata irin ƙanƙara da sandan Rosemount ba ya ji, ido kuma ba ya gani a fiffike. Babban hadarin damina yana tsotsar ruwa mai yawan gaske ya cilla shi sama da kilomita 12, inda yake zama ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara busassu, da yawansu ba su fi garin gero kauri ba, iskar sama kuma ta shimfiɗa su su yi rumfa mai faɗin ɗaruruwan kilomita a gefen hadarin da bayansa. Da yake sun riga sun daskare, idan suka doki fiffike mai sanyi ko sandan na'ura sai su yi tsalle su wuce, ba sa mannewa. Amma idan suka shiga wuri mai ɗumi, kamar cikin injin ko bututun awo, na farko sukan narke su jiƙa ƙarfen, na bayansu su manne a kan laimar suna zuƙe ɗuminsa har ya sauka zuwa sifiri, daga nan ƙanƙara ta fara ginuwa a wurin da hankali ba zai taɓa kawo ta ba. Radar da ke hancin jirgi, wadda aka tsara don ganin manyan ɗigon ruwa, ba ta cika nuna su ba, ta yadda matuƙin da ya kauce wa jan tabo a allonsa yakan bi ta inda allon ya nuna fayau, alhali nan ne ƙwayoyin suka fi yawa. Masana'antar jiragen sama ta lissafa fiye da sau 100 da injuna suka rasa ƙarfi ta wannan hanya tun daga shekarun 1990, kuma bututun auna gudu na jirgin Air France 447, wanda ya faɗa Tekun Atalantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, irin waɗannan ƙwayoyi ne suka toshe su.

Misalin da ya fi kusa da gida ya faru ne kimanin kilomita 1,000 kudu maso yamma da Arlit. Da ƙarfe 1:15 na daren 24 ga Yuli 2014, jirgin Air Algérie mai lamba 5017, ƙirar MD-83 da aka yi haya daga kamfanin Swiftair na Sipaniya, ya tashi daga Wagadugu zuwa babban birnin Aljeriya da fasinja 110 da ma'aikata 6. Akwai babban hadari a kan hanya, matuƙan kuma sun gan shi, suka karkata don su zagaye shi, suka kai tsayin ƙafa 31,000, suka bar jirgin a hannun kwamfutar tuƙi da na'urar da ke daidaita ƙarfin injin da kanta. Wannan na'ura tana dogara ne da wani awo da ake kira EPR, wanda ke kwatanta matsin iskar da ke fita ta bayan injin da na wadda ke shiga ta gabansa, matsin gaban kuwa wani ɗan bututu ne a hancin injin ke auna shi. Kimanin minti biyu bayan jirgin ya daidaita, bututun injin dama ya toshe, na hagu ya bi shi kafin minti ɗaya ya cika, masu bincike kuma suka danganta toshewar da ƙwayoyin ƙanƙara, tun da bayanan jirgin sun nuna ba a kunna ɗumamar injin ba, wadda ita ce ke ɗumama bututun.

Abin da ya biyo baya ya faru a hankali, kuma wannan ne ya sa ya fi ban tsoro. Toshewar ta sa awon ya nuna injunan suna ba da ƙarfi fiye da gaskiya, sai na'urar ta hana su ƙarin mai, ƙarfin da suke bayarwa ya gaza riƙe jirgin a wannan tsayi. Cikin kimanin minti biyar da rabi gudun da ma'auni ke nunawa ya sauka daga kusan kilomita 540 a sa'a zuwa 370, kwamfutar tuƙi kuma, wadda aka umarta ta riƙe tsayi, ta yi ta ɗaga hancin jirgin kaɗan-kaɗan don ta cika umarnin, har iska ta kuɓuce wa fikafikan. Jirgin ya kife ta hagu, hancinsa ya dubi ƙasa, da ƙarfe 1:47 ya daki ƙasa a yankin Gossi na Mali, babu wanda ya tsira. Hukumar binciken Mali, da taimakon ofishin BEA na Faransa, ta fitar da rahotonta na ƙarshe a Afrilu 2016, ba tare da ta iya amfani da na'urar naɗar muryoyin matuƙa ba, saboda ta lalace tun kafin tafiyar, don haka abin da suka gani da abin da suka faɗa wa juna a waɗannan mintoci ya tafi tare da su.

Bai kamata a ɗora komai a kan matuƙan a wuce ba, ko da yake rahoton ya nuna ba su yi abin da ake yi don fitar da jirgi daga kuɓucewar iska ba. Ƙa'idar da aka koya musu ta ce a nemi laima da ido, a dubi gilashi da mashafinsa, da dare ne kuma, ƙwayoyin ba sa barin alama a waɗannan wurare. Akwai dai shaida a gabansu, domin ma'aunin saurin juyawar injin, wanda bai dogara da bututun ba, yana faɗin gaskiya, kuma saɓaninsa da awon EPR shi ne kaɗai na'urar gano ƙanƙara da jirgin yake da ita a wannan dare. Makonni kaɗan kafin haka, a watan Yuni 2014, wani MD-83 na kamfanin ya gamu da irin wannan raguwar gudu da rana, matuƙansa suka farga, suka sauko, suka kunna ɗumama, suka ci gaba da tafiya. Toshewar wannan bututu ma ba sabon abu ba ne, don ita ce ta yaudari matuƙan Air Florida a Washington ranar 13 ga Janairu 1982, suka tashi da ƙarfin da bai isa ba suka faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka mutu, injunan kuwa 'yan gida ɗaya ne da na MD-83, wato JT8D. Shekara 32 ke tsakanin haɗurran biyu, ɗaya cikin dusar ƙanƙara a filin jirgi, ɗaya a saman Sahel cikin damina, kuma a duk tsawon lokacin ɗumamar bututun tana jiran ɗan Adam ya tuna ya murɗa makunni.

Tun daga lokacin an ɗan matsa gaba. A Nuwamba 2013 Boeing ya riga ya shawarci masu jiragen 787 da 747-8 masu injin GEnx su nisanci manyan hadurra da mil 50 na teku idan suna can sama, har sai an gyara manhajar injin. A 2014 hukumar jiragen sama ta Amurka ta faɗaɗa sharuɗɗan gwajin sababbin jirage don su haɗa da manyan ɗigon ruwa da ƙwayoyin ƙanƙara, ta Turai ta bi sahu a 2015, masu bincike kuma suka shiga cikin rumfar hadari da gangan da jirgin Falcon 20 na Faransa, a Darwin ta Ostareliya a 2014 da Cayenne a 2015, don su auna yawan ƙanƙarar da ke cikinta. An kuma koya wa matuƙa wasu alamu da ba su cikin tsofaffin littattafai: ganin kamar ruwa a gilashi a tsayin da ruwa ba zai yiwu ba, saboda ƙwayoyin suna narkewa a kan gilashi mai ɗumi, ma'aunin zafin waje ya yi tsalle ya tsaya kusa da sifiri, alamar shi ma ya toshe, wani ƙara mai kama da yayyafi a jikin jirgi, da tartsatsin lantarki mai shuɗi a gefen gilashi. Shirin SENS4ICE na Tarayyar Turai, wanda cibiyar DLR ta Jamus ta jagoranta daga 2019 zuwa 2023, ya gwada haɗa na'urori masu taɓa ƙanƙara kai tsaye da lissafin da ke lura da halin jirgin, dabarar da ta fi muhimmanci ga jirage marasa matuƙi, irin su Reaper da Amurka ta ajiye a sansaninta na Agadas kafin ta fice a Agusta 2024 da Bayraktar TB2 da Nijar ta saya, tun da babu ido a cikinsu da zai dubi fiffike.

Akwai wata ƙanƙarar kuma da ke kama jirgi yana tsaye a ƙasa. Man da ke cikin fiffike, bayan doguwar tafiya a sama, yakan sauko da sanyi ƙasa da sifiri, idan iskar filin tana da laima sai raɓa ta kwanta a fatar fiffiken ta daskare, ko da mutanen da ke tsaye a gindinsa gumi suke yi. Irin wannan ce ta ɓalle daga fikafikan wani MD-81 na kamfanin SAS ranar 27 ga Disamba 1991, ta shige injunansa biyu jim kaɗan bayan tashi daga Stockholm, ya faɗi a wani fili a Gottröra, mutum 129 da ke ciki kuma duk suka rayu. Maganin da aka tsayar bayan wannan shi ne mafi sauƙi a duk fannin, wato makanike ya hau tsani ya shafa bayan fiffiken da tafin hannunsa, domin ƙanƙara garai-garai a kan ƙarfe mai sheƙi ido ba ya rabe ta da jiƙa. A busasshiyar iskar Arlit da wuya hakan ta faru, amma a Yamai ko Kano cikin Agusta abu ne da ake dubawa.

Nijar tana da matsayi na musamman a wannan ilimi, ko da yake ba a cika faɗa ba. A Yamai ne makarantar EAMAC take, inda ASECNA ke horar da masu hasashen yanayi da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasashe da dama, kamar yadda kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, take horar da matuƙa da injiniyoyi a Nijeriya. A Yamai ɗin ne kuma babban shirin binciken damina na AMMA ya girke rada da jiragen awo a 2006. Abin da irin wannan bincike ya tabbatar shi ne duwatsun Azbin, waɗanda ke gabas da Arlit, suna cikin manyan wuraren da hadarin Afirka ta Yamma ke haihuwa, tare da tsaunukan Jos da na Darfur: rana tana gasa duwatsun, iska mai laima da ta taso daga kudu tana hawa gangarensu, da la'asar gajimare ya tashi, sannan iskar gabas ta kora shi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. Tauraron Meteosat yana aiko da hoton wannan tafiya a kai a kai, kuma daga sanyin saman gajimaren mai hasashe yana iya ƙiyasta inda rumfar ƙwayoyin ta kai, ya rubuta gargaɗi ga matuƙa, sai dai tashoshin da ke sakin balan-balan na awo a arewacin ƙasar ƙalilan ne, don haka rahoton da matuƙi ya bayar ta rediyo bayan ya ratsa wuri yakan zama shi ne shaida mafi inganci ga wanda ke biye da shi. Al'adar tashi da sassafe, wadda ke kare jirgin da ke barin Arlit daga hadarin la'asar da kuma zafin da ke rage wa injin ƙarfi a kan titin tashi, ba ta ba da cikakkiyar kariya ga mai tasowa daga kudu, saboda hadarin da ya tashi a Azbin jiya da yamma yakan isa yankin Yamai ne tsakanin tsakar dare da hantsi, kuma rumfar ƙanƙararsa takan yi sa'o'i a sama bayan ruwan ya ɗauke a ƙasa.